Yadda Muke Gina Hannu a Gidan Dambe

Ɗan dambe hannu biyu gare shi, kowanne da aikinsa. Wanda ake naɗe wa ƙyalle a bi shi da zare tun daga dunƙule har wuyan hannu, shi ne hannun bugu. Ɗayan kuma, wanda ake miƙawa gaba tafi a buɗe, shi ne garkuwa. 'Yan kallo hannun zare suke zuba wa ido, amma duk wanda ya taɓa tsayawa turmi uku a gaban ƙato ya san garkuwa ce ke fara gajiya, kuma da zarar ta sauka sai kisa, wato a kai mutum ƙasa.

A da babu mai ware lokacin horar da hannu. Dambe wasan Rundawa ne, mahautan da ke zagaya garuruwa bayan kaka da makaɗansu na kalangu. Hannun da ya wuni yana kayar da sa, yana fiɗa, yana saran ƙashi da gatari, da damina kuma ya yi huɗa da garma, aiki ya riga ya gina shi. Irin wannan hannu ne tsofaffin 'yan dambe su Shago da Ɗandunawa suka shiga fili da shi, zamanin da makaɗi Ɗan'anace ke wasa Shago. Sauran ilimin kuwa a wurin maigida yake. Yaro zai daɗe yana ɗaukar masa jaka, yana kallon yadda ake naɗin zare don kada ya hana jini gudu, kafin a ba shi dama. Shi ya sa har yau za ka ji Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane.

Da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba 1991, jama'a suka biyo ta, dambe ya biyo jama'a. Dei-Dei mai kasuwar shanu da mahauta ta zama masaukinsa, gidan damben Ali Zuma ya haɗa ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada, ana kuma yi a Marabar Nyanya ta jihar Nasarawa. A nan wasa ya daina jiran kaka, ya zama sana'ar shekara. Yaran da muka samu ba duka ne 'ya'yan mahauta ba, kuma babu gona a bayan ɗaki. Dole abin da aiki ke bayarwa kyauta muka koma nemansa da gangan.

Mukan fita gudu bayan sallar asuba. In mun dawo sai buhun yashi da aka rataye a bishiya, sai ƙarfen da muke haɗawa da kanmu: gwangwani biyu cike da siminti, bututu a tsakiya. Horon da ya fi zafi shi ne na garkuwa. Yaro zai tsaya tsayuwar dambe, hannu a miƙe, abokinsa na kaɗe hannun yana ture shi. Can za ka ga kafaɗa ta fara rawa, gumi na ɗiga daga gwiwar hannu, maigida na cewa, "Ɗaga, ɗana, abokin karawarka ba zai jira ka huta ba." Da yamma a gasa hannu da ruwan zafi a murza da man kaɗanya.

Da yawanmu mun taso da kallon finafinan Sin. Mun ga Bruce Lee, mun ga almajiran Shaolin na ɗaukar bokitin ruwa hannu a miƙe, mun ga masu Wing Chun na bugun gunkin katako, da masu gwara damtse da damtse su biyu-biyu. Wasu samarinmu suka ɗauki zafin suka bar tsarin, suna dukan bango har su gurɗe. Alhali malaman Sin a hankali suke ƙara nauyin bugu, su shafa magani bayan kowane horo, su bar jiki ya huta. Tsofaffinmu ma haka suka koyar: sannu ba ta hana zuwa.

Abu guda nake roƙon yaranmu su bari, wato tsagar magani a damtse da reza ɗaya. Ciwon hanta da ƙanjamau ta nan suke shiga, kuma tsaga ba ta taɓa riƙe wa kowa garkuwa ba.

Yanzu masu shirya wasa irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship sun kai wasanmu idon duniya ta intanet. Sai dai ta fannin adana ilimi akwai saura: Sinawa sun ba kowane horo suna, sun rubuta, sun tsara wanda ake farawa da wanda ake ƙarewa. Namu ilimin kuwa yana cikin kan tsofaffin da ke zaune a bakin fili. Ya kamata shugabannin Kudu da Arewa da Guramada su zaunar da su, a ɗauki bayanin naɗin zare da riƙon garkuwa da jinyar hannu a rubuta da Hausa, tun suna da ƙarfin tashi su nuna.