Zaɓen 2023: Taƙaddamar 'yan takarar mataimaki da ƙarancin takardun Naira a Kano

Muhawara biyu suka mamaye kakar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya. Ta farko ta taso ne a tsakiyar 2022, kan mutanen da 'yan takarar manyan jam'iyyu suka ɗauka a matsayin mataimaka. Ta biyu ta biyo bayan sauya fasalin takardun Naira, wanda ya jefa kasuwanni cikin ƙarancin tsabar kuɗi daga watan Janairu zuwa Maris na 2023. Galibi akan tattauna kowace dabam, alhali Kundin Tsarin Mulki ya haɗa su wuri guda, domin mataimakin shugaban ƙasa shi ne shugaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, kuma rashin tuntuɓar irin wannan majalisa na cikin abin da Kotun Ƙoli ta kafa hujja da shi lokacin da ta soke wa'adin tsofaffin kuɗin.

Abin da doka ta tanada

Muƙamin mataimakin shugaban ƙasa ya samo asali ne a 1979, lokacin da Najeriya ta bar tsarin firaminista irin na Ingila ta rungumi tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Sashe na 142 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce takarar mutum ba ta inganta har sai ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsa. Sashe na 146 kuwa ya ce mataimaki ne zai gaji kujerar idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, ko rashin lafiya ya hana shi aiki har abada.

Babu inda kundin ya ambaci addini ko yankin da mataimaki zai fito. Al'adar haɗa ɗan Arewa da ɗan Kudu, Musulmi da Kirista, ta samo ƙarfi ne daga wurare biyu. Akwai sashe na 14, wanda ya buƙaci gwamnati ta wakilci ɓangarorin ƙasa ba tare da wani ya danne saura ba. Akwai kuma sashe na 134, wanda ya wajabta wa mai nasara, ban da rinjayen ƙuri'u, samun kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Saboda haka kowace jam'iyya ke neman mataimakin da zai buɗe mata ƙofar da ɗan takararta ba zai iya buɗewa da kansa ba.

A ɓangaren tattalin arziki, jadawali na uku na kundin ya kafa Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi mataimakin shugaban ƙasa a matsayin shugaba, da gwamnonin jihohi 36, da gwamnan Babban Bankin Najeriya. Aikinta ba da shawara ne ga shugaban ƙasa. Ba ta da ikon tilasta masa.

Tarihin zaɓen mataimaki da rawar Kano

A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme daga ƙasar Ibo, suka kuma yi nasara. Cif Obafemi Awolowo na UPN ya ɗauki Philip Umeadi, dukansu Kiristoci 'yan Kudu, abin da masu nazari suka daɗe suna lissafawa cikin dalilan rashin karɓuwarsa a Arewa. Malam Aminu Kano na PRP ya tsaya tare da S. G. Ikoku, sannan gabanin zaɓen 1983 ya zaɓi mace, Madam Bola Ogunbo, kafin rasuwarsa ranar 17 ga Afrilun shekarar.

A zaɓen 12 ga Yunin 1993, Cif M. K. O. Abiola na SDP ya ɗauki Ambasada Babagana Kingibe, dukansu Musulmi, yayin da ɗan Kano, Alhaji Bashir Othman Tofa na NRC, ya ɗauki Dokta Sylvester Ugoh. Alƙaluman da suka fito kafin a soke zaɓen sun nuna Abiola ya kayar da Tofa har a Jihar Kano. Wannan sakamako shi ne hujjar da masu kare tikitin Musulmi da Musulmi suka fi kafawa bayan shekara 29.

Darasin da ya fi tsaya wa 'yan siyasar Arewa a rai shi ne na 2010. Rashin lafiyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa Majalisar Tarayya ta miƙa wa Dokta Goodluck Jonathan riƙon ƙwarya ranar 9 ga Fabrairu, sannan rasuwar shugaban ranar 5 ga Mayu ta mayar da mulki Kudu tun kafin Arewa ta cika wa'adinta na farko. Tun daga nan aka daina kallon kujerar mataimaki a matsayin ado.

Zaɓin jam'iyyu huɗu a 2022

Alhaji Atiku Abubakar na PDP ne ya fara bayyana nasa, ranar 16 ga Yunin 2022, inda ya ɗauki Gwamnan Delta, Ifeanyi Okowa, ya tsallake Gwamnan Ribas, Nyesom Wike, wanda ya zo na biyu a zaɓen fid da gwani. Ɓarakar da ta biyo baya ta haifar da rukunin gwamnoni biyar da ake kira G5, na Ribas da Oyo da Binuwai da Abiya da Inugu, waɗanda suka janye daga yaƙin neman zaɓensa.

Jam'iyyun LP da NNPP sun tattauna batun haɗewa, amma maganar ta watse a kan tambaya guda: tsakanin Peter Obi da Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, wa zai zama mataimakin wani? Daga ƙarshe Obi ya ɗauki Sanata Yusuf Datti Baba-Ahmed, ɗan Zariya, Kwankwaso kuma ya ɗauki Bishop Isaac Idahosa, ɗan asalin Jihar Edo.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne zaɓin Asiwaju Bola Ahmed Tinubu na APC. Ranar 10 ga Yulin 2022, a Daura, inda ya kai wa Shugaba Muhammadu Buhari gaisuwar Sallah, ya bayyana tsohon Gwamnan Borno, Sanata Kashim Shettima, a madadin Alhaji Ibrahim Masari da aka fara miƙa sunansa a matsayin na wucin gadi. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, wato CAN, ta yi tir da haɗin, haka ma wasu jiga-jigan APC Kiristocin Arewa irin su tsohon Kakakin Majalisar Wakilai Yakubu Dogara da tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal. Hujjarsu ita ce an ware Kiristoci daga manyan kujeru biyu a lokacin da ƙasa ke fama da rashin yarda da juna. Magoya bayan tikitin kuwa suka ce cancanta aka duba, suna nuni da shekaru takwas da Shettima ya yi yana mulkin Borno a tsakiyar rikicin Boko Haram, da kuma aikin banki da ya yi kafin shiga siyasa. A bayan fage lissafin ƙuri'a ne: Musulmi ɗan Kudu maso Yamma na buƙatar wanda zai jawo masa jihohin Arewa masu yawan jama'a.

A Kano muhawarar ta ɗauki salo na dabam. Wasu malamai sun fito fili sun goyi bayan tikitin, wasu sun ja kunnen jama'a kan shigar da addini cikin lissafin 'yan siyasa, 'yan Kwankwasiyya kuma suka tsaya kan cewa ɗan gida ne a kan takardar ƙuri'a.

Sauya fasalin Naira

Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce, ranar 26 ga Oktoban 2022, Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin Naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 na wajen bankuna, kuma dawo da su zai taimaka wajen daƙile hauhawar farashi, da jabun kuɗi, da biyan kuɗin fansa. Kwana biyu bayan haka Ministar Kuɗi, Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, ta shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba.

Sababbin takardun sun fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka kuma sanya 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki. Babban Banki ya ƙayyade cirar tsabar kuɗi zuwa Naira 100,000 a mako ga mutum ɗaya, daga baya ya ɗaga zuwa 500,000 bayan koke-koke. Jama'a sun kai tsofaffin kuɗinsu banki, amma sababbin da aka buga ba su kai ko kusa da abin da aka karɓe ba. Zuwa watan Fabrairu kuɗin da ke yawo sun faɗi ƙasa da Naira tiriliyan 1.

Dattawan kasuwa sun tuna irin wannan a watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Buhari da Tunde Idiagbon ta canza launin Naira, ta rufe iyakoki, ta ba jama'a ƙasa da mako biyu su musanya kuɗinsu.

Yadda abin ya shafi Ƙofar Mata

Ƙofar Mata na cikin wuraren da siyasa da kasuwanci ke gogayya a birnin Kano. Nan ne marinar da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498 take, nan ne Filin Idi da shagunan da suka kewaye shi a lokacin, nan ne kuma filin wasa na Sani Abacha, inda manyan jam'iyyu kan yi gangamin yaƙin neman zaɓe. Titin da ya bi ta gabanta ya haɗa ta da Kantin Kwari, wanda fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sarin yadi.

Sana'o'in wannan yanki sun ginu ne a kan kuɗin hannu. Marini da mabugi da ɗan dako da mai Adaidaita Sahu duk a ranar da suka yi aiki suke karɓar ladansu, da shi kuma suke cefanen yamma. Baƙon fatake da ba shi da asusu a bankin Najeriya da buhun kuɗi yake zuwa. Da takardu suka yi wuya, sai ciniki ya koma tiransifa, ita kuma ta riƙa maƙalewa saboda cunkoso, a cire wa mai saye kuɗi ba su isa ga mai kaya ba. Masu POS suka tsawwala la'ada, har ta kai ana sayen Naira da Naira. Ma'aikacin gwamnati kuwa albashinsa na cikin asusu, amma sai ya kwana a layin ATM kafin ya samu na shiga mota. Waɗanda suka fi jin jiki su ne mutanen ƙauye masu kawo hatsi da dabbobi, waɗanda da yawansu suka karyar da kayansu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu.

Siyasa ta sauya layi

Rikicin kuɗin ya rikita rarrabuwar da batun mataimaki ya haifar. Gwamnonin APC na Arewa, waɗanda suka fi kowa kare tikitin Tinubu da Shettima, su ne suka zama manyan masu adawa da manufar gwamnatin jam'iyyarsu. Tinubu da kansa, a gangamin Abeokuta ranar 25 ga Janairu, ya yi zargin cewa an shirya ƙarancin mai da na Naira ne don a yi wa zaɓen zagon ƙasa. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya nemi a ɗage ziyarar da Shugaba Buhari zai kawo Kano saboda halin da jama'a ke ciki. An yi ziyarar ranar 30 ga Janairu, kwana ɗaya bayan an ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Daga baya gwamnan ya yi barazanar ɗaukar mataki kan bankunan da suka ƙi karɓar tsofaffin kuɗi. PDP da LP, masu adawa, sun fi karkata ga goyon bayan manufar, bisa fatan za ta hana sayen ƙuri'a, ko da yake sun nemi a sassauta wa talaka.

Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara a Kotun Ƙoli, wadda ta ba da umarnin wucin gadi ranar 8 ga Fabrairu. Kano da wasu jihohi fiye da goma suka bi sahu. Ranar 16 ga wata Shugaba Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya amince tsohuwar Naira 200 kaɗai ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu.

Sakamako da hukunci

An yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu cikin wannan hali. Hukumar INEC ta bayyana Tinubu da ƙuri'u 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. A Kano, Kwankwaso mai Kirista a matsayin mataimaki ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Wato a jihar, kasancewar ɗan takara ɗan gida ta rinjayi batun addinin mataimaki, ko da yake APC ta samu kason da take buƙata.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba kamar yadda Dokar Babban Banki ta 2007 ta buƙata, kuma ba a ga shaidar an tuntuɓi jihohi ta hanyar Majalisar Magabata ta Ƙasa ko Majalisar Tattalin Arziki ba, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ke shugabanta a lokacin. Kotun ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har 31 ga Disamban 2023. Babban Banki bai sanar da bin hukuncin ba sai ranar 13 ga Maris. Ranar 26 ga Mayu kotun ta kori ƙarar da PDP ta shigar tana zargin Shettima da tsayawa takara biyu a lokaci guda.

Sabuwar gwamnati ta dakatar da Emefiele ranar 9 ga Yuni. A watan Agusta majalisar da Shettima ke shugabanta ta sanar da tallafin Naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗin cire tallafin mai. Ranar 29 ga Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli ta cire wa'adin baki ɗaya, shi ya sa tsofaffin takardu da sababbi suka ci gaba da yawo tare a kasuwanni.