Akwati Ɗaya, Sunaye Barkatai

A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11, tushen Wi-Fi. Akwatunan Wi-Fi na farko sunan hanyar sadarwa ɗaya tal suke shelantawa. Ƙa'idar 802.1Q ta 1998 ta ba da damar raba waya ɗaya gida-gida zuwa layuka, daga baya ofisoshi suka ware wa baƙi sunansu, ma'aikata nasu, kowane suna da layinsa.

Nan masu gyara suka ga ta kansu. Kwamfuta takan kama sigina sosai amma ta rasa adireshi, don ba a buɗe wa layinta hanya a na'urar rarraba wayoyi ba. Ga shi kowane suna yana sanar da kansa kusan sau 10 a daƙiƙa, yana cinye lokacin aika saƙo.

Dole ƙwararru suka koma rage sunayen zuwa uku ko huɗu.