Gwagwarmayar Kare Haƙƙin Mata-Maza

Gwagwarmayar kare haƙƙin mata-maza yunƙuri ne na mutanen da aka haifa da al'aura, ko ƙwayoyin gado, ko sinadaran jiki waɗanda ba su tsaya sak a kan na namiji ko na mace ba. Ta fara da tsari a Amurka a farkon shekarun 1990, sannan ta bazu zuwa Turai da Afirka. Manyan buƙatunta su ne a daina yi wa jarirai tiyatar sauya kamannin al'aura idan ba ceton rai ba ce, a gaya wa mutum gaskiyar halittarsa, a kuma daina tsangwamarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 0.05 da kashi 1.7 cikin ɗari na mutane ne ake haifa da irin wannan halitta.

Kafin kafuwar ƙungiyoyi

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan al'amari, suna kiran mai shi hunsa. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, ana duba alamomi: mafitar fitsari tun yana yaro, sannan gemu ko nono ko jinin al'ada idan ya balaga. Wanda alamominsa suka ƙi rinjaya gefe guda, shi ne hunsa mushkili, kuma a gado ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Da wannan mas'ala Shehu Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, ya rufe littafinsa Muhtasar, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai daga Kano zuwa Dogondutsi. Fiƙihu ya ɗauki mai wannan halitta a matsayin bawan Allah mai haƙƙi, ya kuma yarda a jira lokaci ya bayyana abin da ya ɓuya.

Likitancin zamani ya bi wata hanya dabam. A shekarun 1950, John Money na jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa sun yaɗa ra'ayin cewa tarbiyya ce ke gina jinsin yaro, don haka a yi tiyata tun yana jariri, a rene shi a kan jinsin da aka zaɓa, kada a bari shakka ta shiga ransa. Haka aka yi ta yi shekaru da dama. Yara da yawa sun girma da tabo da ciwo da rashin haihuwa, ba su san me aka yi musu ba. A 1997 Milton Diamond da Keith Sigmundson suka bayyana cewa David Reimer, yaron da Money ya kafa hujja da shi, ya ƙi zaman macen da aka ɗora masa. Reimer ba mata-maza ba ne, kaciya ce ta lalata masa gaba, amma labarinsa ya karya ginshiƙin wancan ra'ayi.

Tashin masu gwagwarmaya

A 1993 Cheryl Chase, wadda aka yi wa irin wannan tiyata tana ƙarama, ta kafa ƙungiyar ISNA a Amurka. Wasiƙu suka yi ta zuwa mata daga mutanen da kowannensu yake zaton shi kaɗai ne a duniya. Ranar 26 ga Oktoba 1996, wasu daga cikinsu suka yi zanga-zanga a Boston a bakin taron likitocin yara, kuma wannan rana ce ta zama ranar wayar da kai ta duniya a kan mata-maza. A 1999 kotun tsarin mulkin Kolombiya ta taƙaita ikon iyaye na amincewa da irin wannan tiyata. An kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta OII a 2003, ISNA kuwa ta rufe a 2008.

Taron mata-maza na duniya na farko ya gudana a Brussels a 2011. Na uku, wanda aka yi a Malta a 2013, ya fitar da sanarwar da ta tattara buƙatun yunƙurin wuri guda. A 2015 Malta ta zama ƙasa ta farko da ta haramta wannan tiyata ba tare da yardar mai jikin ba.

A Afirka

Damuwar masu gwagwarmaya a Afirka ta wuce ɗakin tiyata. Akwai kashe jarirai ko yar da su saboda camfi, da zargin uwa da maita, da barin makaranta saboda tsokana, da rashin takardar haihuwa. Sally Gross ta Afirka ta Kudu ta yi ƙoƙari har aka shigar da mata-maza cikin dokar hana wariya ta ƙasar a 2005. Julius Kaggwa ya kafa ƙungiyar SIPD a Uganda, inda ya mai da hankali kan iyaye da ungozomai da shugabannin addini. A Kenya, shari'ar wani jariri da aka hana wa takardar haihuwa, wadda aka yanke a 2014, ta buɗe ƙofa; ƙidayar 2019 ta lissafa mata-maza 1,524, dokar yara ta 2022 kuma ta ambace su. A Najeriya, Obioma Chukwuike ya kafa ƙungiyar Intersex Nigeria a 2019.

A Nuwamba 2017 wakilai 22 daga ƙasashen Afirka 7 suka haɗu a Johannesburg, daga nan haɗaɗɗiyar ƙungiyar nahiyar ta samo asali. A Maris 2023 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 552, wanda ya nemi ƙasashe su hana tiyatar da ba ta zama dole ba, su kuma kawo ƙarshen kashe jarirai.

Renon sababbin jagorori

Babban raunin yunƙurin tun farko shi ne dogaro da mutum ɗaya. Da Sally Gross ta rasu a 2014, ƙungiyar da ta kafa ta yi sanyi har sai da matasa suka farfaɗo da ita bayan 'yan shekaru. Wani bincike na 2016 ya nuna fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙungiyoyin ba su da kasafin da ya kai dala 10,000 a shekara. Wannan ya sa aka mai da hankali kan gina magada. Gidauniyar Astraea ta buɗe asusu na musamman a 2015 don ƙungiyoyin da mata-maza ke jagoranta da kansu, ƙungiyar interACT ta Amurka kuma tana da sashen matasa masu koyon magana da 'yan jarida da 'yan majalisa.

Horon magadan yakan fara ne da zaman juna, domin wanda ya girma cikin ɓoyo sai ya huce kafin ya iya tsayawa gaban jama'a. Sai sanin jiki: ɗan gwagwarmaya ya bambance tiyatar ado da jinyar gaggawa, kamar ciwon ƙullin da ke saman ƙoda wanda ke zubar da gishirin jikin jariri, har ya iya kashe shi cikin makonni idan ba magani. Sai sanin doka, da tattara shaida ba tare da tona asirin kowa ba, da riƙon kuɗi.

Nijar da ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa, matsi yakan zo ne tun makon farko, domin ranar suna ba ta jira. A yankunan Nijar irin su Dogondutsi da Tibiri, inda asibitin ƙwararru ke da nisa, sau da yawa ungozoma da kakanni ne ke fara yanke hukunci, gwajin ƙwayoyin gado kuwa sai manyan birane. Wata matsalar ita ce yadda wasu ke cuɗa halittar mata-maza da daudanci ko neman jinsi, alhali abu ne da ake haihuwar mutum da shi. Saboda haka bayanin fiƙihu yakan fi saurin shiga kunnen iyaye fiye da takardun ƙasashen waje.

Muhawarar ta taɓa Nijar ta fuskar wasanni. Dokar hukumar guje-guje ta duniya kan matan da jikinsu ke da yawan sinadarin testosteron ta hana Aminatou Seyni, haifaffiyar Doso, tseren mita 400, wanda ta gudu cikin daƙiƙa 49.19 a 2019. Ta koma mita 200, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022 a Eugene. Irin wannan doka ce Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta yi ta ƙalubalanta a kotuna.

Ranar 4 ga Afrilu 2024, Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurinta na farko kan mata-maza, wanda Finland da Afirka ta Kudu da Chile da Ostareliya suka gabatar. Ƙasashe 24 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi, 23 suka ƙaurace. Ƙudurin ba doka ba ne, aiwatar da shi ya rage ga kowace ƙasa.