Lambobin Hensel da Hasashen Artin

Cikin shekarar 1897 ne wani malamin lissafi Bajamushe, Kurt Hensel, ya fito da sabuwar hanyar auna kusanci tsakanin lambobi. Bisa al'ada, 1 ta fi kusa da 2 bisa ga 626. Hensel kuwa ya ce a zaɓi lamba wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, a kira ta p, sa'an nan a duba sau nawa take raba tazarar da ke tsakanin lambobi biyu. In p ita ce 5, tazarar 1 da 626 ita ce 625, watau biyar sau biyar har gida huɗu, saboda haka a ma'aunin biyar waɗannan biyu maƙwabta ne, alhali 1 da 2 suna nesa da juna. Daga wannan ma'auni aka gina lambobin p-adik. Masana da yawa sun ɗauke su wasan ƙwaƙwalwa, har sai da almajirinsa Helmut Hasse ya nuna amfaninsu a Marburg cikin 1921.

Daga bisani Emil Artin ya yi hasashe game da jumlolin lissafi waɗanda duk gaɓoɓinsu daraja ɗaya gare su. Ya ce in darajar d ce, kuma lambobin da ake nema sun zarce d sau d yawa, to, lalle akwai amsa cikin lambobin p-adik ban da sifiri zalla. An tabbatar da wannan ga daraja ta biyu da ta uku, daga nan aka cije.

Mafita ta fito ta ƙofar da masana lamba ba su cika waiwaya ba, watau ilmin manɗiƙi. Cikin 1965 James Ax da Simon Kochen a Amurka, da Yuri Ershov a Rasha, ba tare da haɗa kai ba, suka kwatanta lambobin p-adik da wani tsari mai kama da su, wanda bambancinsa shi ne ba a ɗaukar ragowa zuwa gida na gaba wajen tarawa. Suka nuna cewa duk wata jumla ta manɗiƙin mataki na farko, hukuncinta ɗaya ne a tsarin biyu muddin p ta yi girma sosai. Serge Lang kuwa ya riga ya tabbatar da maganar Artin a wancan tsari tun 1952. Ke nan ga kowace daraja hasashen gaskiya ne, in an ɗebe wasu p ƙidayayyu. Hujjar dai ba ta faɗi ko waɗanne ne ba, abin da ya bar wasu masana da ƙaiƙayi a zuci.

Ashe wannan togaciya ba a banza take ba. Cikin 1966 Guy Terjanian a Faransa ya kawo jumla mai daraja huɗu da lambobin nema 18, wadda ba ta da amsa sai sifiri idan p ita ce 2, ga shi kuwa 18 ta zarce 16. Hasashen Artin yadda ya faɗe shi ya rushe, abin da manɗiƙi ya tabbatar ya tsaya daram.

Angus Macintyre ya fayyace siffar abubuwan da za a iya ayyanawa cikin lambobin p-adik a 1976, Jan Denef kuma ya yi aiki da wannan a 1984 wajen warware wata tambaya ta ƙidayar amsoshi. Amma shi wancan tsari marar ɗaukar ragowa, in an tsaya ga p guda, har yanzu ba a san ko akwai ƙa'idar da za ta yanke hukuncin kowace jumla cikinsa ba.