Asalinmu Yana Cikin Adaka

Jama'a, kowa ya san a 1916 aka kafa Sabo ta Ibadan, lokacin da aka ware wa Hausawa unguwa tasu. Amma ka tambayi yaron yau garin da kakan ubansa ya baro, sai ya ce maka Kano, alhali mutumin Bakatsine ne ko Bagobiri. A Kano dai ya hau jirgi, tun da dogo ya kai can a 1911.

Littafin da ya yi bayaninmu sosai, na Bature Abner Cohen, ya fito a 1969. Ya zauna cikin iyayenmu, ya rubuta cinikin shanu da goro, da yadda Tijjaniyya ta kafu a nan. To da Turanci ne, mu nawa muka karanta? Shi kuwa Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da aka buga a Zariya, sarakuna ya bi, bai bi fatake ba.

Namu yana cikin adakar masu gida: lissafin bashin goro da ajami, wasiƙu, takardun rabon gado. Ta gadon nan ita ce babba, don a nan za ka ga wane ɗan wane, har da matan aure da 'ya'ya mata. Na mahaifina, gara ta ci rabi kafin in farga. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Shawarata, ƙungiya ta ari takardun nan gida-gida, a ɗauki hotonsu, a juya su zuwa boko, a buga ajamin da bokon gefe da gefe. Lissafin bashi kam sai magada sun yarda. A fara tun malaman da suka san hannun tsofaffin suna raye.