Fasahar nano da makomar farantin sola a Sakkwato

Fasahar nano ilimi ne na sarrafa abubuwa masu tsananin ƙanƙanta, waɗanda ake aunawa da nanomita. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane kaso shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000.

A birnin Sakkwato, wannan fanni na shafar jama'a ta fuskar farantin sola. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yau, domin nazarin makamashin rana.

Akasarin farantan kasuwa da silikon ake ƙera su, kuma kimanin kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansu suke mayarwa lantarki. Abubuwa biyu ke rage musu ƙarfi a wannan yanki: ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40. Da zarar zafin faranti ya wuce digiri 25, kowane ƙarin digiri ɗaya kan zaftare kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa.

Saboda haka masana a duniya suka duƙufa kan siririn shafi na nano mai hana ƙura maƙalewa, da kuma sinadarin perovskite, wanda ingancinsa ya tashi daga kashi 3.8 a 2009 zuwa sama da kashi 25. Sai dai har yanzu zafi da danshi na saurin lalata shi.

Kafin a shawo kan wannan matsala, abin dogaron ɗan kasuwa da ma'aikaci shi ne wanke faranti a kai a kai, da barin sarari a ƙarƙashinsa domin iska ta ratsa.