Ladan raino a gaban alƙali

Mun saba kai jarumanmu kotu kan gado ko saki, mu manta da ƙaramar ƙara irin wannan: mai raino ta goya yaro wata shida, uban ya ce tuwo da zane ne ladanta, ita ta ce da kuɗi aka yi.

Rigimar tsohuwa ce. Alƙalan masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa wajen 1819, da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, inda ɗaukar mai shayarwa ko raino da lada ke ƙarƙashin babin ijara. Mai ƙara ta kawo shaidu; in babu, wanda ya musa ya rantse. Nan gizo ke saƙar, don maganar a tsakar gida aka ƙulla ta, da baki, tsakanin mata.

Turawa sun bar alƙalai a hannun En'e, sai 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotunan daga sarakuna. Don haka in mai rainonmu 'yar Roni ce a 1960, gaban alƙalin sarki za mu durƙusar da ita. Kotun ƙananan ƙararraki kuwa sai 2019 aka buɗe ta a Kano.